Inda Shekarun Idrissa Suka Tafi

"Shekara bakwai, Tayyiba. Digirin da 'ya'yan mutane suke gamawa a shekara huɗu, shi sai da ya kwashe bakwai a kansa. Wai kuma shi ne zai zama likita."

Dokta Maitama ya ajiye cokali a gefen faranti, ya zare gilashin idonsa ya dubi 'yarsa. Ba da faɗa yake maganar ba. Da ma faɗan ya yi, da ya fi mata sauƙi, domin sanyin muryar Abba ya fi tsawarsa shiga jiki.

Lahadi ce, saura mako guda Babbar Sallah, a shekarar dubu biyu da sha ɗaya. Ta tagar ɗakin cin abinci na gidansu da ke Fort Washington ana hango ruwan kogin Potomac tsakanin bishiyoyin da ganyensu ya yi jajur ya fara zuba. Can Tayyiba ta kafe idanunta, don ta san muddin ta kalli mahaifinta, hawayen da take dannewa za su tona mata asiri.

Tana 'yar shekara goma sha ɗaya aka kawo ta daga Kano. Yanzu shekarunta ashirin da biyar, tana aiki a wani ɗakin bincike a Beltsville, kuma tun da take ba ta taɓa yi wa Abba musu ba sai a kan Idrissa.

Idrissa Maman, ɗan Maraɗi. A ajin kimiyya na yamma suka haɗu a jami'a. Kullum a makare yake shigowa, makullin tasi a hannu, idanu jajur don rashin barci, amma in aka dawo da takardun jarrabawa makinsa ne a kan gaba. Tun tana mamakinsa har mamakin ya rikiɗe ya zama abin da ya hana ta sukuni.

"Abba," ta ce a hankali, "ai sannu ba ta hana zuwa. Ya gama, kuma da sakamako mai kyau ya gama."

"A makarantar likitanci sannu tana hana zuwa." Ya mayar da gilashinsa. "Na fi shekara ashirin ina aikin nan a ƙasar nan, na san yadda masu tantance ɗalibai suke kallon takarda. Su ga mutum ya fara, ya tsaya, ya koma rabin karatu, ya janye daga darussa, ya sake tsayawa. Me kike so su ce? Cewa za su yi wannan ba zai iya ɗaukar kaya ba. Bara ai ya nema. Wa ya ɗauke shi?"

"Makarantu biyu sun kira shi intabiyu."

"Suka kuma sallame shi."

"Akwai dalili, Abba."

"Wane dalili?"

Dalilin yana nan a bakin Tayyiba kamar garwashi, amma ta riga ta yi wa Idrissa alƙawari da girman Allah cewa ba za ta faɗa wa kowa ba, ko da iyayenta ne.

Hajiya Sailuba, mahaifiyarta, ta dafa mata hannu. "Ke kuwa Tayyiba, in akwai dalili ki faɗa mana mana. Mu fa abin da muka sani kawai shi ne mahaifinsa ba ya jin daɗin jiki. To wane gida ne babu marar lafiya?"

"Ba zan iya ba, Umma."

Dokta Maitama ya miƙe. "Ni ba zan yi miki dole ba, ban taɓa yi miki ba. Amma ba zan ɗauki 'yata in ba wa mutumin da shekara uku suka ɓace a rayuwarsa ba tare da ya iya cewa ga inda suka shiga ba. Injiniya Munzali zai zo da mutanensa ranar Sallah bayan la'asar, a kan maganar nema wa Fahad aurenki. Na ce su zo. Ki yi tunani."

Kamar jira ake a ambaci sunansa, sai ga ƙarar ƙararrawar ƙofa. Fahad ne, ɗan aminin Abba, ya kawo saƙon dabino daga mahaifiyarsa. Yana shekara ta uku a makarantar likitanci, digirinsa na farko a shekara huɗu cif ya gama shi, bai taɓa faɗuwa ko da darasi ɗaya ba. Ya durƙusa ya gaida manya, aka umarci Tayyiba ta raka shi mota.

A bakin motar ya tsaya yana juya makulli a yatsa. "Kin yi kuka," ya ce.

"Albasa ce, Yaya Fahad."

Ya yi murmushin da babu daɗi a cikinsa. "Ni ban ce ki so ni yau ba. Zan iya jira, na saba da jira. Amma bari in faɗa miki wani abu, ko da a kaina zai ƙare. A ajinmu akwai wani mai shekara talatin da biyar, akwai wata mai 'ya'ya biyu da ta yi shekara takwas kafin ta gama digiri. An ɗauke su. Sai dai su da aka tambaye su, suna da abin faɗa. Shi mutumin naki, me yake ce musu?"

Ya shiga mota ya tafi, ya bar ta tsaye da tambayar.

*

Daren ranar da ranakun da suka biyo baya, Tayyiba ba ta san ɗanɗanon abinci ba. Tun da Abba ya ce Idrissa ya dakata da zuwa gidan, wata biyu ke nan, sau ɗaya ta sa shi a ido, shi ma daga nesa, a harabar masallaci ranar Juma'a. Ya ɗaga mata hannu kaɗan, ya sunkuyar da kai ya wuce. A kan hanyar zuwa aiki duk tasin da ta gifta sai ta leƙa fuskar direban, ko da ta san ba launin tasa ba ne.

Ranar Laraba ta kasa daurewa. Lokacin cin abincin rana ta ƙwanƙwasa ofishin shugabarta, Dokta Constance, wata dattijuwa 'yar Kumasi da ta taɓa zama shekaru a kwamitin ɗaukar ɗalibai na wata makarantar likitanci kafin ta koma bincike. Tana jin Hausar zango kaɗan-kaɗan, takan tsokani Tayyiba da ita.

"Yarinya, yaya? Fuskarki babu lafiya," ta ce da Hausarta mai karkata, sannan ta koma Turanci. "Zauna."

Tayyiba ta zauna tana murza gefen mayafinta. "Wani ne na sani. Ya yi shekara bakwai kafin ya gama digiri. Gaskiya ne ba za a taɓa ɗaukarsa ba?"

"Wa ya ce miki haka?"

"Wani likita."

Dokta Constance ta yi 'yar dariya. "Likitoci sun san asibiti, ba duka suka san ɗakin tantancewa ba. Ni dai a teburin da na zauna, ba ma ƙirga shekaru kamar masu ƙirga buhuna. Mun ɗauki wanda ya yi takwas, mun mayar da wanda ya gama a uku. Amma kada ki ji na ce ba ma gani. Muna gani sarai, kuma muna tambaya. Me ya tsayar da shi? Abin ya wuce, ko zai biyo shi makaranta? Da ya dawo, ya ɗauki cikakken karatu ya iya?"

"Shekara biyunsa na ƙarshe cikakke ya ɗauka, kuma babu darasin da bai yi fice ba. Jarrabawar shiga ma ya ci da kyau."

"To ai ya gama rabin aikin. Da aka tambaye shi dalili, me ya ce?"

Tayyiba ta sunkuyar da kai. "Ya ce matsalolin gida ne. Bai ƙara komai ba."

"Ash!" Dattijuwar ta jingina da kujera. "Nan ya kashe kansa. Mu ba bokaye ba ne, Tayyiba. In mutum ya bar mana rami a takardarsa ya ƙi cikewa, kowa a teburin zai cike shi da abin da ya fi tsoro. Wannan ya ce ƙwaya ce, wancan ya ce an taɓa korarsa, wani ya ce lalaci ne. Shekarun ba su ne suke kayar da mutum ba, shirun ne."

"In kuma dalilin sirrin wani ne fa?"

"Ba a ce ya kwance wa kowa zani a kasuwa ba. Magana uku ta isa, in dai gaskiya ce." Ta ƙura mata ido. "Wannan wanin da kika sani, kina sonsa sosai ko?"

Hawayen da suka ɗigo a bayan hannun Tayyiba su suka amsa.

*

Ranar Sallah, bayan an sauko daga Idi, gidan Dokta Maitama ya cika da ƙamshin waina da miyar taushe. Umma tana ta kai da kawo, an fito da sababbin kofuna, an shimfiɗa babban kafet a falon baƙi. Tayyiba ta zuba waina a kula, ta ce za ta kai wa wata dattijuwa abincin Sallah. Hajiya Sailuba ta dube ta, ta dubi kular, ta kawar da kai.

"Ki dawo kafin la'asar," abin da ta ce ke nan.

Gidan su Idrissa yana Wheaton, a hawan ƙasa na wani tsohon bene, bayan layin shagunan da mahaifiyarsa Zeinabou take sayar da atamfa da yaji da katin waya. Inna Zeinabou ce ta buɗe ƙofa. Ta rungume Tayyiba ta daɗe ba ta sake ta ba.

"Ɗiyata, kin rame. Shi ma ga shi can, ya zama kamar kara."

Idrissa ya fito daga ɗakin ciki, hannun rigarsa a naɗe, tawul a kafaɗa. Da ya gan ta sai ya tsaya cak. Ita ma ta tsaya. Duk maganganun da ta tsara a mota suka watse, babu abin da ya rage sai kallon wannan fuskar da ta yi wata biyu tana nema a tagogin motocin mutane.

"Barka da Sallah," ya ce da ƙyar.

"Barkanmu dai. Ka je Idi?"

"Na je, na dawo da wuri. Lokacin wankan Baba ya yi."

Inna ta karɓi kular ta shige kicin ta ja ƙofa. Suka zauna a falon, shi a wannan kujera, ita a waccan, tebur a tsakaninsu.

Tayyiba ta san abin da ke bayan labulen ɗakin ciki. Idrissa yana shekara ta biyu a jami'a mahaifinsa ya yanke jiki ya faɗi a cikin tasinsa, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, harshe ya karye. Inna ba ta jin Turancin asibiti, ga shago da ba ya yiwuwa a rufe. Idrissa ne ya karɓi tasin, shi ne wanka, shi ne ɗauka da saukewa, shi ne kaiwa gashin ƙashi a asibiti, karatu kuwa sai abin da ya samu da yamma. Da jiki ya fara sauƙi ya koma makaranta sosai, sai ciwon ya sake bugowa. Sai da ƙanwarsa ta girma ta gama sakandare ta karɓi rabin jinyar, sannan ya samu ya ƙarasa. Kuma maganar farko da Malam Maman ya iya haɗawa bayan faɗuwarsa ita ce, kada a bari mutane su san yadda ya koma.

"Yau za su zo," ta ce. "Mutanen Fahad. Bayan la'asar."

Ya runtse ido. "Na ji."

"Ka ji? Shi ke nan abin da za ka ce?"

"Mi kike so in ce, Tayyiba? Mahaifinki yana da gaskiya. Wanga yaro lokotoro ne gobe-gobe, likita kamar mahaifinki. Ni direban tasi ne mai digiri."

"Kana da intabiyu mako mai zuwa."

"Bara ma na yi biyu."

"Bara ka rufe bakinka!" ta ce. "Na tambayi wadda ta zauna a irin teburin nan. Ta ce ba shekarun ne suka kayar da kai ba, shirunka ne. Ta ce magana uku ta isa. Ka ce mahaifina ya kwanta, ni na yi jinyarsa, yanzu akwai mai taimako. Shi ke nan, Idrissa. Ka faɗa musu, ka bar ni in faɗa wa Abba."

"A'a."

"Don Allah."

"Tayyiba, ki saurare ni." Ya matso bakin kujera, muryarsa ƙasa-ƙasa. "Kin san wane ne mutumin da ke kwance a ɗakin can? A Maraɗi in ya shigo kasuwa tashi ake. Nan ma duk baƙon da ya sauka daga Nijar, a falon nan yake kwana har ya samu aiki. Yau ni nike ɗaga shi in kai shi bayi. Ya roƙe ni abu guda tak, in rufa mishi asiri. Sai in je gaban baƙi in baje shi, don su ji tausayina su ba ni kujera? In mai da lalurar ubana tsani?"

"Ba tausayi ba ne, gaskiya ce."

"Abin da na yi, don Allah na yi shi. In na kai shi kasuwa, mi ya rage mini?"

"To ni fa?" Kukan ya ƙwace mata. "Ni me ya rage mini? Kullum ina zaune a tebur ana kiranka malalaci, ina da amsa a bakina, ka ɗaure mini harshe. Umma tana tambayata, Abba yana tambayata, har Fahad ya tambaye ni. Na zama kamar marar gaskiya a gidanmu. Na yi shekara huɗu ina jiranka, ban taɓa ƙorafi ba. Ranar da ka ce mini ka janye daga darussa, na ce Allah Ya sa haka ne mafi alheri. Ranar da amsar makarantun nan ta zo, tare muka yi kuka a waya. Zan iya ƙara shekara huɗu, wallahi zan iya ƙara goma. Amma ka ba ni abin da zan riƙe, Idrissa. Ba a jira da hannu wofi."

Ya kawar da fuska.

"Kina tsammani ban san abin da zan rasa ba?" ya ce. "In na ɗauko fasinja zuwa wajen unguwarku, sai in kashe mita in bi ta bakin layinku, in dubi tagarki in wuce. Ban taɓa gaya miki ba. In na ga mota irin taki a hanya, sai gabana ya faɗi. To, na san Fahad zai riƙe ki da daraja. Abin da nike faɗa wa kaina ke nan in barci ya ƙi zuwa. Amma tsakanin in rasa ki da in ci amanar Baba..."

Bai ƙarasa ba. Ya sa tawul ɗin ya rufe fuskarsa.

Tayyiba ta miƙe. "Shi ke nan. Ba zan ce ka zaɓe ni a kan mahaifinka ba. Da ka yi haka ma, da ba kai ne wanda nake so ba. Zan koma gida. Zan ce musu a'a yau, zan ce a'a gobe. Amma ban san ranar da a'ar tawa za ta ƙare ba, don Abba ba ya tsawa, zuciyarsa kawai yake nuna mini, ni kuma ba dutse ba ce."

Ta kai hannu ga jakarta ke nan, sai suka ji ƙarar sanda tana dukan ƙarfen gado. Sau ɗaya, sannan da ƙarfi.

"Id... rissa."

Idrissa ya zabura ya shige ɗakin. Jim kaɗan ya turo keken guragu zuwa falo. Malam Maman dogon mutum ne da ciwo ya rage wa faɗi, gefen bakinsa na dama ya saki, hannun dama yana kwance a cinya kamar ba nasa ba. Amma idanunsa tar suke. Tayyiba ta zube ƙasa ta gaishe shi.

Magana tana fito masa da ƙyar, kalma-kalma, kamar mai jan guga daga rijiya mai zurfi.

"Na ji... duka." Ya juya ido ga ɗansa. "Bara... da suka ƙi ka. Ka ce mini... gurbi ne ya cika."

Idrissa ya durƙusa a gaban keken. "Baba..."

"Ashe ni ne... gurbin."

"Wallahi ba haka ba ne, Baba."

"Yi shiru." Tsohon ya numfasa. Inna Zeinabou ta fito daga kicin ta tsaya a bakin ƙofa, hannunta a kan baki. "Maganar da na yi maka... ta mai sabon ciwo ce. Ina jin kunya... a lokacin. Na ce ka rufa mini asiri. Ban ce... ka binne kanka... tare da ni ba."

Hawaye suka gangaro ta gefen fuskar da ta saki. Idrissa ya kai tawul zai share, tsohon ya riƙe masa hannu da hagunsa.

"Ka je... ka faɗa musu. Ka faɗi wankan. Ka faɗi tasin. Ba tallata ni... ka yi ba. Ni ke alfahari." Ya dubi Tayyiba. "Ɗiyata... da wane lokaci... za su zo?"

"Bayan la'asar, Baba."

"Zeinabou. Ɗauko mini... babbar riga. Shuɗiyar."

Inna ta zaro ido. "Malam, ina za ka? Kai da ko Idi ba ka yarda a kai ka ba, shekara da shekaru?"

"Fort... Washington."

"Baba, ba a haka," Idrissa ya ce a ruɗe. "Uba ba ya zuwa da kansa. Bari in nemo dattawa..."

"Ba neman aure... za ni ba. Shaida... za ni bayarwa. Gani... ya kori ji."

*

Tayyiba ce a gaba, tasin Idrissa tana biye da ita. Duk tsawon babbar hanyar da ta kewaye birnin, idonta ɗaya yana kan titi, ɗaya yana kan madubi. Sau biyu wayarta ta yi ƙara, sunan Umma yana fitowa, ba ta ɗauka ba.

Suka shigo layin. Motoci uku ne a ƙofar gidan, ta gane baƙar ta Injiniya Munzali, ta gane ta Fahad. Sun riga su isowa.

Sai a lokacin ta tuna da matakalar. Gidansu a kan tudu yake, daga titi zuwa ƙofa matakala ce ta jan bulo, doguwa, babu inda keke zai bi.

Idrissa bai ko tsaya tunani ba. Ya buɗe ƙofar baya, ya gyara wa mahaifinsa hula, ya tattare masa babbar rigar, ya juya ya durƙusa. Ya ɗora shanyayyen hannun a kafaɗarsa ya riƙe shi da nasa, ya miƙe da tsohon a bayansa. Yadda ya yi shi cikin sauƙi, ba gaggawa ba tangaɗi, kowa ya gani ya san ba yau ya fara ba.

Suna tsakiyar matakala ƙofar gidan ta buɗe.

Dokta Maitama ne, cikin farar shadda, waya a kunne, da alama 'yarsa ya fito nema. A bayansa Fahad yana tsaye. Daga cikin falo muryar Injiniya Munzali tana tasowa: "Dokta, kai ake jira a buɗe da addu'a."

Abba ya dubi Tayyiba da ke tsaye a ƙasa riƙe da naɗaɗɗen keke. Ya dubi saurayin da ke hawowa yana haki. Sannan idonsa ya sauka a kan fuskar da ke leƙowa ta kafaɗarsa, bakin da ya karkace, hannun da yake lilo. Likita ne, ba ya bukatar a yi masa bayani. Tayyiba ta ga wayar ta sauka daga kunnensa a hankali.

Fahad ne ya fara motsawa. Ya sauko da sauri, ya wuce su, ya karɓi keken daga hannun Tayyiba ba tare da ya kalle ta ba, ya hau da shi ya buɗe a bakin ƙofa. Idrissa ya sauke mahaifinsa a ciki, ya daidaita masa ƙafa, ya ja rigar ya rufe masa gwiwa.

"Salamu... alaikum," Malam Maman ya ce. Ya miƙa hannun hagu. "Ka yi haƙuri... na dama ya tafi. Ni ne... uban wanga yaro. An ce kana tambaya... inda shekarunshi suka shiga. Na kawo maka su."

Dokta Maitama ya kama hannun da nasa biyu. Sannan ya juya ya ɗaga murya zuwa cikin falo.

"Injiniya, ka yi mini haƙuri, maganarmu za ta ɗan jira. Ba a barin dattijo a ƙofa ranar Sallah."

Shi da kansa ya kama keken ya tura. Idrissa ya cire takalmi ya bi bayansu. Daf da zai shiga ya waiwayo, idonsa ya haɗu da nata, bai yi murmushi ba, ita ma ba ta yi ba. Ƙofar falon maza ta rufe.

Tayyiba ta tsaya a barandar ciki, ta jingina goshinta da bango. Ta ji hannun Umma a bayanta, ba ta juyo ba. Ba ta san abin da Abba zai yanke ba, ba ta san abin da masu intabiyun da ke jiran Idrissa mako mai zuwa za su yanke ba. Ta bayan ƙofar, falon ya yi tsit, sai murya ɗaya mai nauyi tana jawo kalmomi ɗaya bayan ɗaya.

"Ran da... na faɗi... shina aji. Aka kira shi... ya fito. Bai ko ɗauki... littafinshi ba."